Yadda Ake Zuwa Akara Daga Kano a Mota da Kuɗi Kaɗan

Mutane da yawa idan suka ji kuɗin jirgi zuwa Gana sai su haƙura da tafiyar gaba ɗaya, alhali hanyar ƙasa tana nan, kuma 'yan kasuwarmu da masu zuwa biki ko Maulidi suna bin ta kullum. Tafiya ce ta kwana biyu zuwa uku: daga Kano zuwa Legas, sannan a bi gaɓar teku a ratsa Benin da Togo a faɗa Gana. Kuɗin mota shi ne mafi sauƙin lissafi a cikinta. Abin da ke tatse matafiyi shi ne takardar da ba ta cika ba, da daren da ya riske shi a bakin iyaka, da canjin da ya yi a gurguje. Wanda ya toshe waɗannan kafofi uku ya gama rabin tafiyar tun yana gida.

Takardu: a fara tun da sauran makonni

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ya zauna har kwana 90 ba biza. Amma ba biza ba ya nufin ba takarda. Kana buƙatar fasfo mai sauran wa'adi, ko takardar tafiya ta ECOWAS da hukumar shige da fice ke bayarwa, wadda ta fi fasfo araha kuma ta isa wannan hanyar. Za ka ji masu cewa sun wuce da katin zaɓe ko takardar NIN. Gaskiya ne wasu na wucewa, amma ka tambaye su nawa suka zubar a kowane shinge, da yadda aka riƙa sauke su ana tsayar da mota saboda su.

Duba shafukan fasfonka. Iyaka uku ce, kowace da hatimin fita da na shiga, shida ke nan a zuwa, shida a dawowa. Fasfon da saura shafi ɗaya ba zai kai ka ba.

Abu na biyu shi ne katin rigakafin cutar shawara, ruwan ɗorawan nan da kowa ke kira yalo kad. Ana yin allurar a ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa, akwai shi a filin jirgin Malam Aminu Kano, kuma ta intanet ake biyan kuɗin katin kafin a je. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, saboda haka wanda ya yi ta jajibirin tafiya ya ba mai bincike abin kamawa. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Kada ka sayi katin da ake tallatawa a tasha. Ban da cewa na jabu ne, sauron ba ya duba kati.

Ka ɗauki hoton duk takardun a waya, ka kuma yi kwafi biyu, ɗaya a jaka ɗaya a aljihu. 'Yan'uwanmu na Nijar kuma su lura: ƙasarsu ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso, kodayake ƙungiyar ta sanar a lokacin cewa za a ci gaba da karɓar fasfonsu har sai an sake sanarwa. Hanyar Gaya ta Nijar zuwa Malanbil ta Benin ta shiga rufe-rufe tun juyin mulkin Yulin 2023, tsohuwar hanyar Yamai zuwa Wagadugu zuwa Kumasi kuma matsalar tsaro ta lalata ta. Shi ya sa na zaɓi ta bakin teku duk da zagayenta.

Kuɗi iri uku

Naira za ta kai ka Seme, iyakar Najeriya da Benin, daga nan darajarta sai a hannun ɗan canji. Benin da Togo sefa ɗaya suke kashewa, irin ta Nijar, ba irin ta Kamaru da Cadi ba, wannan ba za a karɓa ba. Gana kuma sidi.

Ka je Wapa a Fagge ka canzi sefa daidai kuɗin mota da abinci na yini ɗaya da ɗan ƙari, ka nace a ba ka ƙanana: 'yan ɗari biyar-biyar, jaka-jaka (wato dubu-dubu), da 'yan jaka biyu. Wanda ya zaro takardar jaka goma a gaban direba ko a teburin jami'i ya riga ya tona asirin aljihunsa, kuma canji zai yi wuyar fitowa. Sidi kuwa ka bari sai Aflawo, garin Gana da ke kan iyakar Togo, ka canzi kaɗan, sauran a cikin Akara inda farashi ya fi kyau. Kafin ka miƙa wa ɗan canji ko sisi, ka duba farashin ranar a waya, ku yi lissafi a kan kalkuleta kana gani, ka karɓi nasa ka ƙirga da hannunka, sannan ka ba shi naka. Idan ya ce ka kawo ya sake ƙirgawa bayan ka gama, to ka sake ƙirga shi daga farko. A wannan sake karɓar ake zare takarda biyu.

Katin banki na naira kada ka dogara da shi a waje. Raba kuɗinka wuri uku, kuma wanda za ka riƙa fitarwa a hanya ya zama shi kaɗai a aljihun gaba.

Kano zuwa Legas

Nisan ya kai kilomita 1,000, kuma duk yadda ka tsara shi dare zai same ka a hanya. Manyan safa-safa suna lodi a tashar New Road da ke Sabon Gari, su tashi da yamma su isa washegari. Ƙananan bas-bas sun fi gudu amma ƙafa na shan wahala, kaya ma an fi tsuga musu kuɗi. Ni dai na fi son safa. Ka je da wuri ka yanki tikiti a ofis, ba a hannun ɗan kamasho da ya tare ka a bakin ƙofa ba, ka zaɓi kujerar taga a tsakiyar mota. Ta baya tana kan taya, kowane rami a ƙugunka zai sauka. Bencin da ake jerawa a tsakiyar hanya ya fi araha, amma ragin bai kai ciwon bayan ba.

Guzuri ya zama busasshe: kilishi ko dambun nama, dabino, ƙuli-ƙuli, burodi, ruwa. Ka sa ƙaramar buta da dadduma a jakar hannu, da rigar sanyi, da batirin ajiya na waya. Direba ba zai tsaya don kowace salla ba, saboda haka ka san hukuncin ƙasaru da haɗa salloli tun kafin ka hau. Jakar da aka sa a ƙarƙashin mota a rubuta mata lamba a ba ka shaida.

Idan ka isa Legas ka kwana. Wannan ita ce shawarar da aka fi ƙi, kuma ita ce ta fi amfani. Wanda ya sauka da azahar ya ce bari ya zarce, magariba za ta yi masa a Seme, sha biyun dare a Aflawo. Akwai Hausawa a Agege da Idi-Araba da Mile 12. In kana da ɗan'uwa ka sauka wurinsa, in babu ka kama ɗaki kusa da tashar da za ka tashi.

Zaɓi biyu daga Legas

Na farko, motar kamfani da ke zuwa Akara kai tsaye. ABC da Chisco da GUO duk suna wannan hanyar, ana tashi da asuba daga wajajen Jibowu ko Amuwo-Odofin ko Mazamaza, gwargwadon kamfanin. Ma'aikacin motar ne ke tattara fasfo ya kai a buga hatimi, kai kana zaune ko ka sauko ka taka ka tsallake. Ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma ga mace mai yara, ko dattijo, ko mai kaya da yawa, shi ne daidai. Ka tambaya tun wajen yankan tikiti ko kuɗin ya haɗa da na iyaka, musamman in fasfonka sabo ne da ba a taɓa buga masa hatimi ba, domin irinsa ake yi wa ƙarin caji.

Na biyu shi ne hawa da sauka, kuma shi ne na mai neman araha. Ka kasance a Mile 2 kafin gari ya waye, ka hau motar Seme. Hanyar ta bi ta Agbara da Badagiri, kuma daga Badagiri zuwa iyaka shingayen bincike ba sa ƙirguwa. Ka zauna shiru, direba ya san yadda yake yi da su. In an ce ka nuna takarda ka nuna, in an tambayi ina za ka ka faɗa a taƙaice.

Yadda ake tsallake iyaka

Seme ita ce mai zafin, wanda ya iya ta ya iya sauran. Kafin ƙafarka ta taɓa ƙasa za a yanyame ka: 'yan acaɓa, 'yan canji, da samari masu cewa kawo fasfo su taimake ka. Kada fasfonka ya shiga hannun wanda ba ya bayan tebur cikin kaki. Wasu za su ce su zagaya da kai ta bayan gari ba sai an buga hatimi ba. Kada ka yarda. Rashin hatimin Benin zai biyo ka har iyakar Togo, a can kuma ba ka da bakin magana.

Tun Oktoban 2018 aka buɗe ginin haɗin gwiwa na Seme da Krake, wato ɓangaren Benin, jami'an ƙasashen biyu suna harabar guda. Ka bi su daki-daki: teburin lafiya a duba yalo kad, shige da fice na Najeriya a buga fita, na Benin a buga shiga, sai kwastan in kana da kaya. Duk inda aka buga hatimi ka buɗe ka duba kwanan wata kafin ka matsa.

Maganar kuɗi kuwa, a doka hatimin ɗan ECOWAS kyauta ne, a aikace za a nema. Ka yi sallama, ka saki fuska, ka nemi rasit cikin ladabi. Wani zai tura maka fasfonka ya ce wuce, wani zai ajiye shi gefe ya ci gaba da sallamar na bayanka. A nan amfanin safiya yake fitowa. Mai takarda cikakkiya da ƙarfe tara na safe yana iya tsayuwa ya jira har a gaji da shi. Wanda duhu ya rufa, motar ƙarshe na shirin tashi, duk abin da aka ce shi zai bayar.

Daga Krake tasi-tasi ne zuwa Kwatano, tafiyar da ba ta kai awa ba in hanya ta yi kyau. Za ka gane ka shigo da ganin 'yan acaɓa masu riguna ruwan ɗorawa, zemijan, sun cika titi, da fetur a manyan kwalabe a gefen hanya. Ka ce a kai ka inda ake lodin Lome, ko Jonke ko Godome. In yunwa ta taso, unguwar Zongo tana tsakiyar gari da babban masallacinta, za ka ci abinci da Hausa. Amma kada ka shiga kasuwa da sunan leƙawa, yininka zai tafi.

Kwatano zuwa Hilakonji, iyakar Togo, wajen kilomita 100 ne, ta Wida da Gran Popo, kuma nan ne hanyar ta fi kyan gani: itatuwan kwakwa, tafkuna, teku na leƙowa ta hagu. Ka sake yin abin da ka yi a Seme. Da ka shiga Togo ka mayar da agogonka baya da awa ɗaya, domin Togo da Gana suna bayan Najeriya da Benin. Faɗin Togo a bakin teku bai kai kilomita 60 ba, ka wuce Aneho, ka wuce tashar jiragen ruwa, sai ga ka a Lome, kuma birnin a jikin iyakar Gana yake, titin bakin teku shi zai kai ka har ƙofar Aflawo. Faransanci kaɗan yana taimakawa, ko da gaisuwa ce da ƙirga. In ya ƙi, nemi mai shayi ko mai tsire ko ɗan canji. Da wuya ka rasa mai jin Hausa a cikinsu.

A Aflawo za a tambaye ka wurin wa za ka da adireshinsa, saboda haka ka riƙe suna da unguwa da lambar waya a rubuce. Ka duba kwana nawa aka rubuta maka a hatimin, kada ka ɗauka 90 ne kai tsaye. Kuma ko da wasa kada ka karɓi saƙon wanda ba ka sani ba ka tsallaka masa da shi, ko da ya ce magani ne na mahaifiyarsa.

Saura kusan kilomita 190. Akwai motocin STC na gwamnati, akwai ƙananan bas masu sanyi da marasa sanyi. A Sogakofe, wajen gadar kogin Bolta, akwai shingen da akan sauke fasinja a sake duba fasfo, kada ka cusa naka can ƙasan jaka. Daga nan sai Tema, sai babban titin da Nkrumah, shugaban Gana na farko, ya gina, sai cunkoson shiga gari. Yawancin motocin Aflawo a Tudu suke sauke mutane, a tsakiyar birni.

Kwanan farko a Akara

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne layi. A tasha mutane suna jeruwa su jira mota, ba ture-ture, ba mai shiga ta taga. Hon ma bai kai na Legas ba. Sai zafi mai ɗanɗanon gishiri, wanda gumi ba ya bushewa a cikinsa, ba irin namu na Kano mai ƙona fata ba. Sai kuma tsada. Mai riƙe da naira zai ji Akara a jikinsa, musamman wajen masauki, kuma a watan Disamba da baƙi ke cika gari abin ya fi muni.

Saboda haka ka nufi zango. Nima da Mamobi, Sabon Zongo, Fadama, Madina: a waɗannan unguwanni Hausa ce harshen titi, har a bakin Dagomba da Zabarmawa da Kotokoli da Mosi. Tushen abin tsoho ne, tun fataken goro masu zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, da Hausawan da Turawa suka ɗauka aikin soja da ɗan sanda. Sabon Zongo Malam Baƙo ne ya kafa ta a farkon ƙarni na 20. Hausarsu za ta ɗan yi maka banbaraƙwai, za ka ji an ce "matata ya zo", kada ka yi dariya, kai ma taka tana ba su dariya. In kana da wanda ka sani, shi ne mai masaukinka. In babu, ka yi salla a masallacin unguwa ka gabatar da kanka ga liman, za a nuna maka gidan baƙi mai mutunci. A wajen zango kuma, Adabraka da Kokomlemle da Asylum Down suna da ɗakuna masu sauƙi. Osu da Cantonments da East Legon na masu dala ne. Ka ga ɗakin da idonka, ka kunna fanka, ka murɗa famfo, sannan ka biya. Soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku, ba kamar na Benin da Togo ba. Layin waya an ɗaure rajistarsa da katin ɗan ƙasa, baƙo sai ya je babban ofishin kamfanin da fasfonsa.

Lokutan salla ma za su rikita ka kwana ɗaya: azahar tana shiga wajen sha biyu, magariba wajen shida kusan duk shekara.

Yawo a gari da trotro ake yi, ƙananan bas ɗin haya. Yaron motar, met suke ce masa, yana rataye a ƙofa yana kiran Kaneshi, Lapaz, Madina, kuma in ka ga yana juya yatsa a iska kamar mai zana da'ira, Sakul za shi, wato shataletalen Kwame Nkrumah, cibiyar da motocin ko'ina ke haɗuwa. In ya ce "Akra", tsakiyar birni yake nufi, wajen Makola da Tudu. Ka miƙa kuɗi da hannun dama. Tasi a yi ciniki kafin a shiga, ko ka kira Bolt ko Yango. Wani abin lura: a 2007 Gana ta cire sifili huɗu daga kuɗinta, kuma har yanzu wasu tsofaffin 'yan kasuwa da tsohon lissafi suke magana. In tsohuwa ta ce maka dubu goma, sidi ɗaya take nufi.

Abinci shi ne inda za ka huce takaicin kuɗin ɗaki. Da asuba akwai koko da ƙosai, kokon gero mai citta da kanumfari da yaji har ya tsatso maka gumi. Da hantsi sai ka bi layin waake. Shinkafa da wake ne da aka dafa da karan dafi har suka yi ja, mai sayarwa, galibi wata Hajiya ce a bayan ƙatuwar tukunya, za ta shimfiɗa ganye ta zuba, ta ɗora taliya, ta barbaɗa gari mai ɗan mai, ta sa dafaffen ƙwai da ganda, sannan ta ɗiga shito, baƙin yajin nan na busasshen kifi da jatan lande. Kai za ka faɗi na nawa kake so a kowane abu, ita kuma tana lissafi da ka. Ka ce a sa shiton kaɗan a ranar farko. Akwai tuwon zafi da miyar ayoyo, akwai fura. Dokunu da soyayyen kifi na mutanen Ga ne, 'yan asalin Akara, ka gwada. A gidajen abinci na wajen zango ka tambayi naman da ke cikin miya, domin ana cin alade a garin.

Abin da ya cancanci kuɗin motarka

In Juma'a ta same ka, ka je Babban Masallacin Ƙasa a Kanda, dab da Nima, wanda Turkawa suka gina a kan fasalin masallatan Istanbul aka buɗe shi a 2021. Babban limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, wanda aka haifa a 1919 yake kuma riƙe da muƙamin tun 1993, gidansa na Fadama, kuma girman da Kiristocin ƙasar ke ba shi abin a gani ne. Laraba ce ranar kasuwar Nima.

Sai ka ba tsakiyar birni yini guda, a ƙafa. Fara da makwancin Kwame Nkrumah, wanda aka gyara aka sake buɗewa a 2023. Yana kwance tare da matarsa Fathiya 'yar Masar, kuma an ajiye mutum-mutuminsa da aka fille wa kai a juyin mulkin 1966, kan a gefe. Kuɗin shigar baƙo ya fi na ɗan ƙasa. Gaba kaɗan ga Dandalin Baƙin Tauraro da ƙofarsa mai ɗauke da 1957, shekarar 'yancinsu. Ta ɗaya ɓangaren kuma Jamestown ce, tsohon gari, da hasumiyarta mai ja da fari, da kurkukun Turawa na zamanin cinikin bayi, da kwale-kwalen masunta masu zane-zane. Ranar Talata ba sa shiga teku. Nan kusa Bukom take, unguwar 'yan damben da ta fitar da Azumah Nelson. A ganina wanda ya je Akara ya maƙale a Nima har ya dawo, Fagge kawai ya sake gani da kuɗin mota mai yawa. Makola da Kantamanto, kasuwar gwanjo, a shige su da jaka a gaba.

Damina tana ƙarfi daga Mayu zuwa Yuli, kuma Sakul na cika da ruwa. A ambaliyar 3 ga Yunin 2015 gobara ta tashi a wani gidan mai a wurin, mutane sama da 100 suka rasu. In hadari ya haɗu ka bar wajen. A wajajen Mayu zuwa Yuni kuma sarakunan Ga suna hana kiɗa da hayaniya na wata guda kafin bikinsu na Homowo, kuma da gaske suke.

Mai niyyar kasuwanci ya sani cewa dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa sayar da kaya a kasuwa da talla, kuma an sha rufe shagunan 'yan Najeriya a kanta. Saro kaya ka tafi da su daban, kasa kaya daban. Ranar dawowa ka kasance a Tudu da asuba, ka kashe ko ka canza ragowar sidinka a Aflawo, ka tuna awar nan da ka samu a zuwa za a karɓe ta a Hilakonji, saboda haka lissafin isa Seme da rana ya fi matsewa. In ka ga la'asar ta yi maka a Kwatano, ka kwana a Zongo ka tsallaka da safe.